Kunnen da Ba Ya Zaɓe

Ɗan ƙanwata da ke zaune a Safo ya turo mini waƙarsa ta WhatsApp wata ranar Alhamis, da saƙon murya a bayanta: "Kawu, saurara ka gaya mini gaskiya." Na sa abin sauraro a kunne. Na ji akuya. Na ji injin niƙa yana ruri daga wani lungu, na ji fanka tana juyi, na ji wata mata tana kiran yaro ya kawo guga. Can ƙarƙashin duk wannan, kamar mai magana daga cikin rijiya, sai ga jitarsa da muryarsa suna neman hanyar fita. Ita waƙar ba ta da laifi. Yaron ya iya taɓa tsirkiya, shekara uku ke nan yana bin salon mutanen Agadas a wayarsa har yatsunsa suka yi kanta.

Da na sauka Safo ƙarshen mako sai ya fito mini da kayan aikinsa. Makirfo ne dogo mai ruwan zinariya, rataye cikin robobi kamar gizo a saƙarsa, da wani ɗan akwati mai fitilu ja da kore, wanda in ka danna wani maɓalli sai ka ji tafi, ka danna wani ka ji dariya. Kuɗin da ya tara na aikin lambun rani a gulbi ya zuba a ciki. Ya kafa shi a kan tebur tsakiyar zaure mai daɓen siminti da rufin kwano, shi kuma ya zauna can nesa kusan gaba guda, yadda ya gani a bidiyo.

"Kawu, mikron ne ba shi da kyau ko mi?"

Na ce masa ya zauna, maganar tana da tsawo.

Abu na farko da ya kamata mai neman makirfo ya sani shi ne kunnen mutum yana zaɓe. Kana tsakiyar babbar kasuwar Maraɗi, ga masu kabu-kabu, ga masu talla, amma kana jin abin da abokin cinikinka yake faɗa, domin ƙwaƙwalwarka ta riƙe muryarsa ta watsar da saura. Shi ya sa yaron nan bai ji injin niƙa ba lokacin da yake waƙa. Ya saba da shi har ya daina jinsa. Makirfo ba shi da wannan baiwa. Duk abin da ya girgiza iska a gabansa zai rubuta shi, ba ya kara, ba ya kunyar kowa.

Sauti girgizar iska ce. An bugi fatar kalangu, ta motsa, ta tura iska, iskar ta zo ta motsa dodon kunne. A cikin kowane makirfo akwai ɗan tantani mai yin aikin dodon kunne, kuma hanyar da ake bi a mayar da motsinsa ya zama lantarki ita ce ta raba makirfo gida biyu.

Gidan farko shi ne dainamik. Duk wanda ya taɓa tsayawa gun mai gyaran rediyo ya ga an farke sifika ya san kayan cikinta: mayen ƙarfe, naɗin siririyar wayar tagulla, da takarda mai motsi. Wuta ta shiga naɗin, takarda ta motsa, sauti ya fito. Juya wannan aiki baya, ka sami makirfon dainamik. Murya ta motsa tantani, tantani ya motsa naɗin waya a cikin mayen ƙarfe, ƴar wuta ta haifu da kanta. Ba ya neman batir, ba ya neman komai. Shi ne a hannun ladani, shi ne a hannun sanƙira wurin biki, ya faɗi ƙasa a ɗauka a kaɗe a ci gaba. Mafi shahara a wannan gida shi ne SM58 na kamfanin Shure, wanda ya fito a 1966, shekara guda bayan ɗan'uwansa SM57, kuma har yau ana ƙera su kusan yadda suke tun farko. Rauninsa daga ƙarfinsa ya fito: tantanin yana ɗauke da nauyin naɗin waya, don haka ba ya saurin bin sautuka masu siririn kai, irin shafar yatsa a kan tsirkiya. Kunnen matashi mai lafiya yana jin girgiza daga 20 zuwa wajen 20,000 a daƙiƙa; SM58 a 15,000 yake tsayawa.

Gida na biyu shi ne kwandansa, wanda wani injiniya Ba'amurke mai suna E. C. Wente ya ƙirƙiro a 1916. Nan babu naɗin waya. Tantani ne da ya fi ɓawon albasa sirantaka, an shimfiɗa shi dab da wani faifan ƙarfe ba tare da sun taɓa juna ba, an cusa musu caji. Tantani ya motsa, tazarar da ke tsakaninsu ta canza, wutar ma ta canza. Da yake ba ya ɗauke da kaya, ko numfashi ka ja zai ji. Wutar da AT2020 na kamfanin Audio-Technica yake fitarwa ta ninka ta SM58 fiye da sau 7 a kan sauti iri ɗaya. Irinsa ne ake gani a bidiyon mawaƙan Kano, a situdiyoyin titin Gidan Zu, mawaƙi tsaye gabansa da hedifon a kai. Abin da bidiyon ba ya nunawa shi ne ɗakin: ƙaramin keji ne da aka lulluɓe da soso, ƙofa biyu, janareta can bayan gida.

Kwandansa kuma yana cin abinci. Na ƙwarai yana buƙatar wuta mai ƙarfin bolt 48, wadda Turawa suke kira fantom, wato fatalwa, domin ba ta da wayarta daban, cikin wayar sautin take bi a ɓoye. Kamfanin Neumann na Jamus ne ya kafa wannan tsari a 1966 lokacin da yake yi wa gidan rediyon ƙasar Norwe aiki. Ramin hedifon na salula ba ya ba da fiye da bolt 2 ko 3. Don haka wanda ya sayi kwandansa na gaske bai gama sayayya ba. Sai ya haɗa da sawunkat, akwatin da ke ba makirfo wuta, ya ƙara ƙarfin sautin, ya mayar da shi lambobin da waya ko kwamfuta za ta gane. Sai wayar XLR mai haƙora uku. Sai sandar kafawa, domin babban kwandansa ba a riƙe shi a hannu. Kuɗin makirfo ya ninka kafin a buga tsirkiya ɗaya.

Na ɗan ƙanwata fa? Da muka kwance kansa sai muka tarar da abin da na zata. Cikin wannan babban jiki mai walƙiya, ƙwayar da ke ɗaukar sauti ba ta fi maɓallin riga girma ba. Irin wannan ƙwaya ana ce mata elektiret, wani reshe na kwandansa da Gerhard Sessler da James West suka fito da shi a 1962, mai ɗauke da cajinsa na dindindin. Dabara ce mai kyau, akwai ma makirfo masu tsada da aka gina a kanta. Amma akwai mai kyau akwai ta kwabo, kuma ta kwabo tana da wani "shuuu" da ke bin waƙa daga farko har ƙarshe kamar ruwa a kan kwano.

A nan ya kamata in faɗi wata gaskiya da masu sayar da kaya ba su cika faɗa ba. Ana yawan cewa kwandansa yana kwaso hayaniya, dainamik ba ya kwasowa, kamar ɗaya maye ne ɗaya waliyyi. Akwai ƙamshin gaskiya, amma babban dalilin tazara ce. Ƙarfin sauti yana faɗuwa da sauri in ana nisa da shi: ka ninka tazara sau biyu, ƙarfin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Ka juya lissafin. Bakinka yana santimita 40 daga makirfo, ka matso zuwa 20, muryarka ta ninka huɗu. Ka matso zuwa 10, ta ninka 16. Akuya tana nan inda take, injin niƙa bai matsa ba. Kai ne ka yi musu rinjaye. Dainamik, saboda ƙarancin wutarsa, tilasta maka yake ka kusance shi har leɓe ya kusa taɓa ragarsa, shi ya sa sautinsa yake fitowa wanke. Kwandansa kuwa yana ji daga nesa, sai mutum ya saki jiki ya ja baya, ɗaki da unguwa su shigo. Wanda ya gane wannan lissafi ya riga ya gyara rabin matsalarsa ba tare da ya kashe ko dala ɗaya ba.

Sai kuma fuska. Yawancin makirfon waƙa suna ji sosai ta gaba, kaɗan ta gefe, ta baya kuwa kusan kurame ne. Saboda haka ƙeyar makirfo ake juya wa taga ko duk inda hayaniya take fitowa. Dogon nan mai rataye, ta gefe yake ji, ta wajen da tambarin kamfani yake. Yaronmu ta tsakar kansa yake yi masa waƙa. Ƙananan da ake maƙalawa a wuyan riga, irin BOYA BY-M1 da ƴan jarida da masu wa'azi suke amfani da shi, ta ko'ina suke ji. Suna da kyau ga magana, amma ga mai jita sai a ji ƙarar riga da gugar hannu.

Yanzu ɗaki. Tsaya tsakiyar ɗakin da kake son ɗauka a ciki, ka tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi. In ka ji wani "tirrr" ya biyo baya, bango da daɓe da kwano suna jifan juna da sautin, kuma makirfo zai ɗauki muryarka tare da duk amsa-kuwwarta. Wannan shi ne sautin rijiya. Abin da ya ba ni dariya a Safo shi ne yaron ya tsallake situdiyon da ya fi kowane a gidan ya tafi zauren siminti don ya fi kyan gani a hoto. Ɗakin kakarsa na laka ne, rufin azara, bango mai kauri mara santsi, ga gado da katifa, ga tabarmi, ga tufafi rataye a igiya, ga buhunan gero biyu a kusurwa. Na tafa hannu a ciki, sautin ya mutu nan take. Abin da mutanen birni suke sayen soso su liƙa don su samu, ga shi an gina da ƙasar gulbi tun kafin a haife shi.

Maganar wuta kuwa ba sai an tuna wa mutumin yankin Maraɗi ba. Wutarmu daga Katsina ake jawo ta, kuma kowa ya tuna watan Agusta na 2023 lokacin da Najeriya ta katse layin bayan juyin mulkin Yamai. Ko wutar tana nan, tana da muryarta. Lantarkin ƙasashenmu yana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, kuma waya mara kyau tana tsotsar wannan ta zuba shi cikin waƙa, ka ji wani gunji "mmmm" a ƙasa. Cajar waya ta araha da injin juya wutar sola sukan ƙara nasu tsiwa. Wayar XLR tana maganin mafi yawan wannan, domin tana ɗauke da sautin a layi biyu, ɗaya a miƙe ɗaya a kife. Duk dattin da suka kwasa a hanya iri ɗaya ne, a ƙarshe sai a kife ɗayan a haɗa, datti ya kashe datti, sauti kaɗai ya rage. Wanda ba shi da ita, ya cika batir tukuna, ya zare caja, ya sa wayar a yanayin jirgi, sannan ya ɗauka.

Ga kuma ƙura. Tantanin kwandansa mai caji ne, yana jan ƙura kamar yadda allon talabijin na da yake yi, kuma in damina ta zo laima ta haɗu da ƙurar sai ya fara tartsatsi. Mai shi ya nemi roba mai murfi ya riƙa rufe shi, da ƴan ƙullin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin takalmi. Dainamik ba ruwansa da hunturu.

To, me za a saya? A ganina, ga mai waƙa da jita wanda salula ce kawai na'urarsa, babu kamar dainamik mai baki biyu, USB da XLR, irin Samson Q2U ko ATR2100x. Sawunkat ɗinsa yana cikin cikinsa. Da ƴar wayar OTG zai shiga yawancin wayoyin Android, yana da ramin hedifon da za ka ji kanka kana waƙa, kuma ran da Allah ya hore aka sayi miksa, ba sai an jefar da shi ba. Farashinsa a Amurka bai kai dala 100 ba. Dalar Amurka nake nufi, ba tamu ta sefa biyar ba; dala 100 ɗin nan wajen jikka 60 ce, kafin kuɗin hanya da ribar mai kawowa. Wanda yake da sawunkat ko miksa a hannu, XM8500 na Behringer yana yin mafi yawan aikin SM58 a kan kusan rubu'in kuɗinsa.

Akwai hanya ta biyu da nake ƙauna, musamman ga mai son jitar ta fito da duk zaƙinta: ƴar na'urar ɗauka ta hannu, irin Zoom H1n. Ƙananan kwandansa biyu ne a kanta sun gitta juna, tana cin ƙananan batir biyu irin na rimot, tana rubutawa a katin memori. Ba ta san an ɗauke wuta ba. Ka sa ta a aljihu ka bar gari, ka sami inuwar da ba kowa. Iska ce kawai abokiyar gabarta, sai an sa mata hular gashi. Kada a raina ɗauka a fili. Faifan farko na Les Filles de Illighadad, wanda kamfanin Sahel Sounds ya fitar a 2016, a sarari aka ɗauke shi a ƙauyensu na wajen Abalak, Fatou Seidi Ghali da jitarta da murya, kuma shi ne ya kai su dandalin Turai. A 2020 kamfanin ya shekara yana fitar da waƙoƙin da mawaƙan Sahel suka ɗauka da salula suka tura ta WhatsApp, ƙungiyar Etran de L'Aïr ta Agadas ce ta buɗe. Ko a Amurka, Bruce Springsteen a ɗakin gidansa ya ɗauki faifan Nebraska a 1982, da na'urar kaset da SM57 guda biyu.

Kwandansa babba da sawunkat, irin AT2020, na mai ɗaki shiru ne da kwamfuta. In kana da su, saya, za ka ji bambanci a jita. In babu, jira.

A kasuwa kuma, Maraɗi ce ko Sabon Garin Kano, a buɗe ido. SM58 yana cikin kayan da aka fi yi wa jabu a duniya, kwali da tambari da jaka duk a kwaikwaya. Na asali giram 298 ne, yana da nauyi a hannu. In an ce maka ga shi a jikka 8, ka san amsar. Gara ƙaramin suna na gaskiya da babban suna na ƙarya. Ka sa a jona maka shi a shagon. Yi magana ta gaba, juya shi ka yi ta baya. In ƙarfin bai faɗi sosai ba, ajiye. Murza shi a tafin hannu ka ji ko yana kwaso gugar yatsu. Girgiza wayar wajen haɗi ka ji ko tana ƙaras-ƙaras. Mai sayen wanda ake sokawa a ramin hedifon ya ƙirga zoben baƙi a kan tsinken: salula mai zobe uku take karɓa, mai zobe biyu na kyamara ne da kwamfuta.

Saura kafawa, wadda ita ce gwanintar. Kuskuren kowa shi ne ya auna makirfo a ramin jita, tunda nan sauti yake fitowa. Abin da ke fitowa daga ramin gunjin cikin akwati ne, sai waƙa ta yi ta "bum-bum" kamar ana daka. A auna shi wajen da wuya ya haɗu da jiki, kusa da gaɓa ta 12, tazarar taƙi ɗaya ko ɗaya da rabi. In makirfo ɗaya ne zai ɗauki murya da jita tare, a tsayar da shi tsakanin haɓa da ƙirji, kusan kamu guda ko ƙasa da haka. Murya ta yi ƙasa, a ɗaga shi. Jita ta ɓace, a sauke shi. Haka ake yi tun kafin a sami na'ura mai layi da yawa: mawaƙi a gaba, ƴan amshi a bayansa, makaɗa can baya, kowa ƙarfinsa gwargwadon inda aka tsayar da shi. Da dainamik, abin da ya fi shi ne a ɗauki jita tukuna, sannan a sa hedifon a ɗora murya a kai. Manhajar BandLab a waya ko Audacity a kwamfuta duk suna yin wannan kyauta.

Kayan kiɗanmu na gida ma haka. Gurmi, da ƙwaryarsa da fatar damo, irin wanda marigayi Malam Maman Barka ya zaga duniya da shi, daga fatar yake magana, haka garaya da molo, haka kuntigin Ɗan Maraya Jos da aka yi da gwangwanin kifi. A auna fatar daga ɗan gefe, kada a yi saitin inda farce yake bugu.

Wani abu kuma da ya shafe mu mu kaɗai. Bamaraɗe ba ya cewa "fari", "hwari" yake cewa, kuma wannan iskar tana dukan tantani kai tsaye, "buf". Turawa suna sayar da raga ta musamman don haka. Mu muka ɗauki zoben tsohuwar rariya, muka ɗaura masa yankin siririn gyale, muka tsayar da shi yatsa uku gaban makirfo. Ya yi. In an gama, a adana a WAV, wanda minti guda na layi ɗaya yake cin wajen megabait 5, kuma a tura shi a matsayin fayil. Saƙon murya na WhatsApp matse sauti yake yi don magana, yana cinye zaƙin tsirkiya.

Daren nan muka jira aka yi sallar isha'i, injin niƙa ya yi shiru, yara suka kwanta. Muka shiga ɗakin tsohuwa, muka kashe fanka, muka juya ƙeyar makirfon zinariyar nan wajen ƙofa, yaron ya matso har taƙi ɗaya. Zufa tana ɗiga a kan jita ya yi waƙar sau uku. A ta ukun "shuuu" ɗin yana nan, amma ya koma can baya, muryar tana gaba kamar yana zaune kusa da kai, akuya kuma sau ɗaya kawai ta sa baki. Da makirfon zinariyar yake aiki yanzu. Kuɗin dainamik ɗin yana tarawa, ya ce sai an sayar da albasa.